Shinkafar da ta dawo daga biki: halas ne a haɗa ta da girkin wani?

Ummu_Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a sana'ar girki. Wata bakwai ke nan ina koyon aiki a wajen wata Hajiya mai girkin biki da suna. Ba zan faɗi sunanta ko unguwarta ba, domin tana da kirki a gare ni, ita ta koya mini yadda ake dafa shinkafar mutum ɗari biyu ba tare da ta caɓe ba.

Ranar Asabar mun yi girkin wani ɗaurin aure, dafa-duka da soyayyun kaji. Jama'a ba su zo yadda aka zata ba, manyan kuloli uku suka dawo ko buɗe su ba a yi ba. Mun sauke tukunya tun wajen sha ɗaya na safe, kulolin kuwa ba su dawo gida ba sai bayan isha'i. Hajiya ta ce a juye a robobi a sa a firiza. Cikin dare aka ɗauke wuta, ba a tada janareto ba. Da asuba ta ce in fito da ita in turara, mu haɗa da sabuwar da za mu dafa ta wani suna da muke da shi ranar Lahadi. Na shinshina, ba ta yi tsami ba, amma da na murza ta tsakanin yatsuna sai na ji ɗan danƙo. Na ce, "Hajiya, ko a bar wannan?" Ta ce in yi abin da aka sa ni, ba a zubar da abinci. Na yi.

Tun ranar zuciyata ba ta kwanta ba. Wannan algus ne ko tattali ne? Ni da aka sa, ina da kamasho a laifin? Kuma idan ta sake faruwa yaya zan yi, tunda a ƙarƙashinta nake?

Bakatsiniya:
Wa alaikumussalam. Algus ne mana, babu wani sunan da za a ba shi. Masu suna kuɗin sabon girki suka biya.

HajiyaMaiWaina:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da zuciyarki ta ƙi abin. Ni shekara ashirin da wani abu ina suyar waina a ƙofar gida, kuma babu mai sana'ar abinci da zai ce bai taɓa yin kwantai ba. Kwantai ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka saje shi da sabo ka yi shiru. Ni in waina ta kwana, da safe ina ɗumama ta in ajiye a kwano daban, duk wanda ya zo in ce masa ga ta jiya, rabin kuɗi, ga ta yau. Akwai masu zuwa musamman don ta jiyan, masu yara da yawa. Ba wanda ya taɓa zagina a kai. Abin da ya rage bayan hantsi na almajirai ne, shi ma in na ga ya fara sauya kama ba na ba su, don su ma 'ya'yan wasu ne.

Gaskiya_Ɗaci:
Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Wane ne a cikinmu bai tashi da ɗumame ba? Tuwo ya kwana a ƙwarya, da safe a ɗumama, mu ci mu tafi makaranta, ga mu nan da ranmu. Yanzu da tsadar buhun shinkafa za a ce ta zubar da kula uku? Ai almubazzaranci ma haramun ne.

Anti_Nas:
@Gaskiya_Ɗaci, ƙanena, ɗumamen gida daban, wannan daban. Tuwon da aka tuƙa bayan magariba aka ɗumama da asuba, ɗan kaɗan ne, ya huce da wuri, kuma mai gidan ya san abin da yake ci. Wannan shinkafar lissafa ka gani: daga sha ɗaya na safe zuwa bayan isha'i awa tara ne ko fiye tana cikin kula. Kula tana riƙe zafi na wasu awanni, daga nan sai abincin ya koma ɗumi-ɗumi, kuma ɗumi-ɗumin nan shi ne daidai abin da ƙwayoyin cuta ke so. Tsakanin digiri 5 da digiri 60 suke hayayyafa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye haka nan, ko dai ya ci gaba da zama da zafi sama da 60, ko a sanyaya shi ƙasa da 5.

Ita shinkafa kuma tana da nata hatsarin na musamman. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da ita tun tana ɗanya, tana da ƙwanso mai tauri da tafasa ba ta kashe shi. In shinkafar ta daɗe a ɗumi sai ta farfaɗo ta zuba dafi a ciki, dafin kuma turarawa ba ta karya shi. Ba lallai a ji wari ba, ba lallai a ji tsami ba. Mutum zai ci, bayan awa ɗaya zuwa biyar ya fara kelaya amai. Babba mai lafiya yawanci kwana ɗaya ya miƙe. Amma gidan suna fa ake magana: akwai mai jego, akwai tsofaffi, akwai yara ƙanana da iyayensu ke ɗura musu loma.

Ummu_Sadiya, danƙon da kika ji a yatsunki shaida ce. Hannunki ya gaya miki gaskiya.

Gaskiya_Ɗaci:
To Anti na ji batun dafin, ban san da shi ba. Amma har yanzu ina nan a kan cewa zubarwa asara ce.

ƊalibinIlimi:
Bismillah. Akwai haƙƙi biyu a nan, kuma na ga an fi mayar da hankali a kan ɗaya. Na farko, shinkafar nan ta wace ce? Masu ɗaurin aure sun biya, ta zama tasu. In ba su ce "mun bar muku" ba, Hajiya ba ta da ikon sayar da ita, ko da a ce lafiyarta ƙalau. Na biyu shi ne haƙƙin masu suna.

Hadisin da ke cikin Sahihu Muslim kamar a kan wannan ya zo. Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka taɓa lema. Ya tambayi mai shi, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Ku lura, bai ce masa ya zubar ba. Cewa ya yi ya bayyana. Abin da HajiyaMaiWaina ke yi da wainarta shi ne wannan. Sai dai in abincin ya kai ga cutarwa, kamar yadda Anti_Nas ta yi bayani, to ko an bayyana bai halatta a sayar ba.

Game da ke kuma 'yar'uwa, babu biyayya ga abin halitta wajen saɓa wa Mahalicci. Kin yi magana an ƙi ji, wannan ya rage miki nauyi, amma ki yi istigfari, kuma kada ki sake sa hannunki.

Ummu_Sadiya:
Malam na gode. Gaskiya ban ji an tambayi masu bikin ba. Direba ne kawai ya kwaso kulolin.

KukuAbuja:
Ni a kicin ɗin otal nake aiki, shekara goma sha ɗaya. Bari in faɗi yadda ake yi in ana son ajiye ragowar shinkafa bisa ƙa'ida, don kada a ɗauka duk ajiya haramun ce. Ba a jira ta yini. Da an ga ba za ta fita ba, a baza ta a faffaɗan tire, kaurinta kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, ta huce da sauri, a rufe, a rubuta rana da lokaci a manna, a sa a firij. Washegari a ɗumama sau ɗaya tak, har tsakiyarta ta yi tururi. Wadda ta riga ta fita zuwa wajen taro ta dawo kuwa, a wajenmu ba ta sake zuwa gaban baƙo.

Kuskuren da na fi gani wajen masu girkin biki shi ne juye shinkafa mai yawa cikin babbar roba a tura firiza. Gefe zai yi ƙanƙara, tsakiya kuwa tana nan da ɗuminta har asuba. Ko ba a ɗauke wuta ba wannan ajiyar ba ta yi ba.

ɗan_rundawa:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata, amma maganar duk ɗaya ce. Mu mahauta mun gaji wannan sana'a kaka da kakanni, kuma da can akwai tsoro biyu: tsoron Allah da tsoron Sarkin Fawa. Mahaifina ya ba ni labari, a zamaninsu in aka kama mutum ya shigo da naman dabbar da ba a san yadda ta mutu ba, Sarkin Fawa zai hana shi tebur, kuma babu wanda zai sake haɗa kuɗi da shi a sayi sa. Wannan horon ya fi tara ciwo.

Yanzu kowa ya samu wuƙa da faranti ya zama mahauci. Na ga da idona an kawo saniya a kwance cikin mota, an yi mata allurai kwana biyu ba ta tashi ba, mai ita ya ce a yanka kafin ta mutu. Da aka feɗe, huhun duk ƙuraje. Likitan dabbobi da ke kwata ya ce a binne huhun da kayan cikin. Kafin a juya wani ya zo yana tayawa, wai zai kai wa masu farfesu. Mu muka hana. Ga kuma masu babbake kai da ƙafa da tsohuwar taya saboda itace ya yi tsada. Ka ga ƙafar sa ta yi kyau, amma hayaƙin roba ya shige ta.

Abin da nake son in ce, mai ci ba ya ganin inda aka yi aikin. Amana ce ya ba mu ido rufe.

MamanTagwaye:
@ɗan_rundawa wallahi kun tuna mini. Akwai wata mai abinci kusa da wajen aikinmu, gandarta da kayan cikinta kullum laushi kamar auduga. Wata yarinya da ta taɓa yi mata wanke-wanke ta ce mana farasitamol take jefawa a tukunya don ta rage cin gawayi. Tun ranar ban sake taka wajen ba.

Anti_Nas:
MamanTagwaye, NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta sha yin gargaɗi a kan wannan. Magani ne da ake sha da awo, in ya yi yawa hanta yake ci, to ina ga wanda aka tafasa a tukunya ba wanda ya san nawa ya shiga cikinsa. Alhali ga hanyoyin da iyayenmu suka sani: a ba nama lokacinsa a wuta, ko a sa ɗanyen gwanda.

Bakatsiniya:
Amma a yi hattara da "wata ta ce". Sau da yawa 'yan aiki in an rabu ba daɗi sukan ɓata wa mutum suna. Mai sana'a ma tana da mutunci.

MamanTagwaye:
Haka ne Yaya, shi ya sa ban kama suna ba. Na dai janye ƙafata ne.

TsohonDubaGari:
Ni na yi aikin duba-gari har na yi ritaya. Da muna shiga gida mu leƙa randa, mu duba makwarara, mu je wajen masu tuwo-tuwo mu ce a buɗe tukunya. Mutane suna jin haushinmu, amma suna gyarawa. Abin da aikin ya koya mini shi ne, hukuma ba za ta iya tsayawa a kan kowace tukunya ba. Jami'i nawa ne, murhu nawa ne?

Ku tuna abin da ya faru a Kano a 2021. Garin ɗan tsami da ake haɗa lemo da shi ya shigo kasuwa, ashe ba na ci ba ne. Ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suna fitsarin jini, wasu ƙodarsu ta taɓu, wasu suka rasu. Matan da suka haɗa lemon nan suka ƙulla a leda yawancinsu ba su san komai ba, sun ga mai araha ne suka saya. To amma wani a sama ya san abin da ke cikin buhun. Shi ya sa nake gaya wa 'ya'yana masu sana'ar zoɓo da kunun aya, duk abin da za ki zuba a bakin mutane ki san daga ina ya fito. Buhun da babu rubutu, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, ko kyauta aka ba ki ki bar shi.

ɗan_hatsi:
Baba duba-gari ya faɗi gaskiya. Mu ma a harkar hatsi muna da namu. Wake ba ya jure ajiya, ƙwari ke cinye shi, sai wasu su yayyafa masa fiya-fiya ko Sniper su ɗinke buhu. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan maganin ƙwarin da aka samu a jikinsa. Turawa sun ƙi, mu kuma muka ci gaba da yin ƙosai da alala da shi. Kuma ba don babu mafita ba. Ga buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, in ka ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu, ba ka sa ko ɗigon magani ba. Ni shekara shida da shi nake ajiya. Ya fi buhun gargajiya tsada, amma ana sake amfani da shi. Wasu abokan sana'a suna ce mini ina ɓata riba. Masu ƙosai uku da ke saye a wajena ba su taɓa sauya ni ba.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Mu nan abin da ya girgiza mu shi ne manja. A 2015 hukumar abinci da magunguna ta Gana ta gwada manjan kasuwannin Ankara, babban birnin ƙasar, ta samu an zuba masa wani rini mai suna Sudan, wanda ake rina fata da man takalmi da shi, don ya yi ja sosai. Kasuwar manja ta faɗi, har masu gaskiya suka yi asara tare da masu ha'inci. Uwata tana sayar da waake, wato shinkafa da wake irin na Gana, a zango, a lokacin sai da ta koma sayen ƙwarar kwakwar manja tana kaiwa ana matse mata a gabanta. Mutum ɗaya ya yi ɓarna, sana'a duka ta ɗauki baƙin jini.

Gaskiya_Ɗaci:
Duk na yarda, amma ku faɗi laifin masu saye ma. Mutum zai zo yana son manja ja wur, ayaba rawaya shar ko ɗigon baƙi babu, burodi ƙato mai laushi, kuma a kuɗin da bai kai ba. Mai ayaba ya sa kabayid ɗin masu walda ta nuna a kwana biyu, mai burodi ya sa buromet ya kumbura, duk da an hana shi tun zamanin Dora Akunyili a NAFDAC. Wa ya tura su? Mu ne. Wanda ya yi na gaskiya sai a ce kayansa sun yi tsada a wuce shi.

HajiyaMaiWaina:
Ɗana, akwai gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Lokacin da shinkafar tuwo da mai suka tashi, ina da zaɓi uku. In rage girman waina in yi shiru, in cika ƙullun da garin da ba shi ba in yi shiru, ko in ƙara kuɗi in faɗa. Na ƙara kuɗi. Sati biyu ciniki ya ja baya, har na yi kuka a ɗaki. Daga baya suka dawo, don sun je wani wajen sun ci sun ji bambanci. Mai saye yana son araha, haka Allah ya yi ɗan Adam. Amma bai ce ki cuce shi ba.

ƴar_Damagaram:
Sallama gare ku daga Zinder. Kakata fura take damawa, kuma abin da na riƙe daga gare ta shi ne mudunta guda ne. Wanda take sayen gero da shi, shi take aunawa da shi in za ta sayar. Tana yawan karanta mana Wailul lil muɗaffifina, ta ce waɗanda in za su karɓa su cika, in za su bayar su tauye. In nono ya yi ƙaranci da rani ta ƙara masa garin ɗiyan kuka, tana faɗa wa mai saye tun kafin ya zauna: yau akwai kuka a ciki. Wasu ma sun fi son haka. Kuma ba ta taɓa sallamar mutum babu gyara ba.

Ummu_Sadiya, ni shawarata ki sami Hajiyarki ita kaɗai, ba a gaban sauran ma'aikata ba. Babba ba ya son a gyara masa a gaban yara.

Ummu_Sadiya:
Na gode ƙwarai, ina karanta kowane ɗaya. Jiya da daddare na bi shawarar ƴar_Damagaram, na same ta bayan kowa ya tafi. Na durƙusa na ce Hajiya ki yafe ni, abin nan yana damuna. Ban zaci za ta saurare ni ba, amma ta saurara. Sai ta buɗe littafinta ta nuna mini: masu ɗaurin auren nan rabin kuɗi kawai suka bayar, har yau ba su cika ba, kuma sun daina ɗaga wayarta. Kajin ma bashi ta karɓo su. Ta ce, "Ke kina ganin shinkafa, ni ina ganin mai kaji da zai zo gobe." Wallahi sai tausayinta ya kama ni. Yanzu na rasa ma me zan ce.

Bakatsiniya:
Allah sarki. To amma masu suna me suka yi mata? Wani ya cuce ki sai ki rama a kan wani?

ƊalibinIlimi:
Wannan bayanin ya sauya haƙƙi na farko, bai taɓa na biyu ba. Tunda ba su cika kuɗi ba, tana da magana a kansu, tana iya bin haƙƙinta ta hanyar dattawan da suka haɗa su ko ta hukuma, kuma jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne kamar yadda ya zo a hadisi. Amma masu suna ba su cikin wannan rigimar. Hadisin Hakim ɗan Hizam a Bukhari da Muslim ya ce masu ciniki biyu in suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar. Ki gaya mata wannan da taushin murya, ba don ki kayar da ita ba.

KukuAbuja:
Matsalar Hajiya tun daga karɓar oda ta fara. Ba a ɗora tukunyar biki sai an karɓi abin da zai biya kayan cefane gaba ɗaya, ragowar kuma kafin abinci ya bar gida. Kuma a yi magana tun farko a kan ragowa: in ya rage naku ne, ku tanadi robobi ku raba wa dangi a wajen. In ta yi haka babu kular da za ta dawo mata cike, balle shaiɗan ya samu ƙofa.

Wani abu kuma da ba a taɓo ba, wanda ni a wajena ya fi ragowar shinkafa hatsari: ma'aikaci marar lafiya. A wajen masu girkin biki kuɗin yini ake biya, in ba ki zo ba babu. Don haka yarinya za ta kwana tana gudawa, da safe ta ɗaure ta zo ta yanka kabeji da karas na haɗin salak, abin da ba za a dafa ba. Ba za ta faɗa ba don kada a ce ta koma gida. A makarantar koyon girki ana ba mu labarin Mary Mallon, wata kuku a birnin New York. Ita lafiyarta ƙalau a ido, amma tana ɗauke da ƙwayar taifot, gidajen da ta yi wa girki mutane suka yi ta kamuwa. An killace ta a 1907, aka sake ta a 1910 bisa sharaɗin ta bar girki, ta koma da wani suna, aka sake kama ta a 1915, ta zauna a killace har ta mutu a 1938. Abin da ya mayar da ita kicin shi ne wankin da ta koma yi bai kai girki kuɗi ba. In mai gida ba ya biyan ma'aikaci ranar da ya kwanta ciwo, shi ya koya masa ɓoyewa.

MaiShayi_Tasha:
Oga Kuku ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Na yi yaron shago shekara huɗu kafin in kafa teburina. Ranar da zazzaɓi ya kama ni haka nake soya ƙwai ina rawar sanyi. Yanzu yarona in ba shi da lafiya ina ba shi kuɗin yininsa in ce ya je ya kwanta. Ba yawa ne da ni ba, amma na san zafin abin.

MamanTagwaye:
Ni tambayata, an ji wani abu daga gidan sunan? Wani ya yi ciwo?

Ummu_Sadiya:
Ban ji ba Anti. Ba unguwarmu ba ce, ba ni da lambar kowa a gidan. Kullum sai na yi addu'a Allah ya sa ba wanda ya cutu.

Gaskiya_Ɗaci:
To kun gani, da wani abu ya faru ai da an kira.

Anti_Nas:
Ba lallai ba ne. Wa ke danganta amai da shinkafar suna? Za a ce shawara ce, ko sanyi, ko maleriya, a sayo magani a kemis. Ina karɓar irin waɗannan yaran a asibiti, sai ka yi ta tambaya kafin uwa ta tuna sun je taro jiya. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo ta hanyar abinci duk shekara, 420,000 su mutu, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin in aka kwatanta da yawan jama'a. Yawancinsu babu wanda ya kira mai girki ya gaya masa.

TsohonDubaGari:
'Yata Ummu_Sadiya, ni ba zan ce ki bar wajen ba. Matar da ta buɗe miki littafin bashinta ba muguwa ba ce, matsuwa ce ta kai ta. Ki zauna ki ƙarasa koyon aikinki. Amma ki gaya mata sau ɗaya, cikin ladabi, cewa duk aikin da ta sa ki za ki yi, ban da haɗa tsohon abinci da sabo. In ta kore ki a kan wannan, kin san ba wajen zama ba ne.

Bakatsiniya:
Baba, ni kuma ina ganin ya kamata a nemi yafiyar masu suna, ko a mayar musu da wani abu daga kuɗinsu. Haƙƙi ba ya faɗuwa don an yi shiru.

HajiyaMaiWaina:
Wannan kam Hajiyar ce za ta yi, ba yarinya ba. In yarinya ta tsallake uwar ɗakinta ta je gidan kwastoma da wannan magana, ta rushe matar gaba ɗaya, kuma babu mai girkin da za ta sake ɗaukarta aiki a garin. A bi ta hannun Hajiya. Ko ragi ta yi musu a odarsu ta gaba.

Bakatsiniya:
Ragi ba tare da sun san dalili ba, ya wanke? Malam ƊalibinIlimi a taimaka.

ƊalibinIlimi:
Mayar da abin da aka ci ba bisa haƙƙi ba wajibi ne, kuma malamai sun yi bayanin cewa in faɗar dalili zai jawo fitina mafi girma, ana iya isar da haƙƙin ga mai shi ta wata hanya. Amma wannan mas'ala ce da ya kamata Hajiyar ta zauna da malamin da ya san ta, ta faɗa masa adadin da komai, don ya auna.

Ummu_Sadiya:
Yau da safe na sake yi mata magana kamar yadda Baba duba-gari ya ce. Ta yi shiru, can ta ce ta ji, ba za ta sake sa ni ba. Ta kuma yarda daga yanzu za mu riƙa tafiya da ƙananan robobi wajen taro, abin da ya rage a raba a can. Batun masu suna kuwa da na taɓo sai ta ce in bar wannan maganar, ta tashi ta shiga ɗaki. Ban sake tayarwa ba.

Asabar mai zuwa muna da walima ta mutum ɗari uku, an ce a kai abinci sha biyu amma ba za a ci ba sai bayan la'asar. @KukuAbuja don Allah yaya za mu yi da wannan tazarar?

KukuAbuja:
Ku raba girkin biyu. Miya da nama ku gama da wuri ku bar su a kan garwashi kaɗan suna ɗan motsi. Shinkafa kada ku ɗora ta sai wajen sha ɗaya da rabi, ku roƙi masu walima a kai ƙarfe uku maimakon sha biyu. Ku ɗauraye kulolin da tafasasshen ruwa kafin ku zuba, ku cika su taf, kada a yi ta buɗewa. Salak kuma kada a haɗa shi da mayonis sai za a ci, a ajiye kayan a kan ƙanƙara. In sun dage sai sha biyu, ku tafi da murhu ɗaya da gawayi can wajen.

ɗan_rundawa:
Naman kuma ku saya ranar, kada ku karɓi wanda ya kwana a tebur. In za ki je kwata ki je kafin takwas, ki danna shi da yatsa, in ramin ya ciko nan take sabo ne.